Yaro ya ci Soshiyal da Turanci, amma Turancin ya kayar da shi: ina matsalar take?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga malaman da ke cikinmu. Tun da sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ya fito, gidaje da dama a layinmu na Aboabo a nan Kumasi labarinsu ɗaya ne: yaro ya ci sauran darussa, wani har da B2 da B3, amma Turanci D7. Kun san kuwa jami'a ba ta kallon D7, sai an kawo aƙalla C6. Yanzu iyaye na ta fafutukar kuɗin Nov/Dec, wato jarrabawar masu sake rubutawa, da na darasin share fage. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da Turancin nan suka rubuta Soshiyal suka ci. To yaya aka yi Turancin kansa ya kayar da su?

Hajiya Rabi: Wa alaikumussalam Alhaji. Waya ce, ba wani abu ba. Yaro ya kwana yana latse-latse a TikTok, yaushe zai buɗe littafi?

Baba Danladi: Waya da buroka, wato gurɓataccen Turancin nan na titi. Ku tsaya bakin tashar trotro a Asawase ku ji abin da 'yan sakandare ke yi da bakinsu. A zamaninmu na midil, kafin a kawo tsarin ƙaramar sakandare (JSS) a 1987, in aka kama ka kana yin yare a farfajiyar makaranta sai ka sha bulala. Wanda ya gama fom 4 a lokacin yana rubuta wasiƙar neman aiki da hannunsa, ba mai gyara masa.

Ticha Mumuni: Baba, a gafarce ni, zan dawo kan buroka. Bari in fara da tambayar Alhaji, don ina koyar da darasin kuma ina cikin masu duba takardun. A Soshiyal, batu mai dubawa yake nema. In an ce kawo illolin galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, yaro ya rubuta gurɓatar ruwa da lalacewar gonakin koko, ko da Turancinsa na ɗingishi zai kwashi makinsa. A takardar Turanci kuwa harshen ne da kansa ake awo.

Ga yadda abin yake. Takarda ta ɗaya zaɓi ne, ta uku saurare ne. Ta biyu ce mai nauyi, awa biyu, maki 100. Insha'i maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. A insha'i ana son kalmomi kusan 450, kuma an raba makin gida huɗu: batu 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, sai tsabtar rubutu 10. Wannan na ƙarshen, kowane kuskure na harafi ko nahawu ko aya yana cin rabin maki. Ku yi lissafi: kuskure 20 ya cinye goman duka. Yawancin takardun da ke zuwa hannuna, kafin in gama shafin farko goman nan ta tafi.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Inda yaranmu ke zubewa da gaske shi ne taƙaitawa. Za a ba su rubutu mai tsawo, a ce cikin jimla uku faɗi dalilan kaza, cikin jimla uku faɗi mafita. Abin da akasarinsu ke yi shi ne su nemo layin da ya yi kama da amsa su kwafe shi ɗungurungum, har da misalan da marubucin ya kawo. Tsarin bayar da maki kuwa yana hukunta kwafe, yana hukunta shigo da abin da ba a tambaya ba, yana hukunta amsar da ba cikakkiyar jimla ba. Yaro zai fito yana murna ya ce ai na ga duk amsoshin a cikin rubutun. Ya gan su kuwa. Faɗinsu da bakinsa ne ya kasa.

Alhaji Garba: Ikon Allah. Wato ko ya gano amsar daidai sai ya faɗi?

Ticha Mumuni: Ƙwarai, Alhaji. Ai ba a ce ya nuna inda amsar take ba, cewa aka yi ya taƙaita. Rahoton manyan masu duba jarrabawa da hukumar jarrabawa ta WAEC ke fitarwa ya sha maimaita wannan ƙorafin: kwafe a taƙaitawa, kuskuren harafi, gajerce kalmomi irin na saƙon waya, rashin karanta tambaya da kyau. Rahoton ba sirri ba ne. Malamai nawa ne ke karanta wa ɗalibansu shi, wannan wata maganar ce.

Nasiru: Ticha, ni ina ganin mu faɗa wa kanmu gaskiya. Malamanmu su yi haƙuri, amma tun muna ƙanana an horar da mu a kan hadda. A makaranta ka maimaita abin da malam ya biya maka, harafi da harafi, in ka canja wasali ɗaya ka sha dorina. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ka ce masa faɗi da kalmominka, ai ka sa shi abin da bai taɓa yi ba. Ni ma sai da na shiga jami'ar KNUST na fara ganin bambancin.

Malam Yahaya: Nasiru ɗana, ka yi magana, amma ka tsaya a rabin hanya. Alƙur'ani ana haddace shi yadda ya sauka, don ba maganar mutum ba ce da za a sake mata riga. Wannan ba wanda zai ba da haƙuri a kansa. Amma ka taɓa zama a zauren ilimi bayan magariba? Ɗalibi ya karanto layi ɗaya na littafin fiƙihu, malam ya fassara masa da Hausa, gobe kafin a ci gaba sai ya bayyana abin da ya fahimta jiya. In ya maimaita lafazin kawai ba ma'ana, malam ba zai ƙara masa ko layi ba. Wannan me ne in ba auna fahimta ba? Sannan abin nan da ɗalibai ke kira chew and pour, wato a haddace a zuba a takarda, a boko aka raɗa masa suna. 'Ya'yan Asantawa da ba su taɓa riƙe allo ba su ma suna yinsa.

Nasiru: Na yarda da wannan, Malam. Sai dai yara nawa ne ke kaiwa zauren ilimin? Yawanci suna tsayawa ne a matakin haddar.

Malam Yahaya: To ka ga laifin ya koma kan wanda ya cire su tun ba su kai ba.

Ticha Mumuni: Malam ya yi gaskiya a abu ɗaya: takardun da muke dubawa ba a rubuta addinin mai su a goshi ba, kuma kwafen ko'ina akwai shi. Mu malaman boko mu ne muka fi kowa koyar da shi. Malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafe, ranar gwaji su mayar masa da abinsa, ya ba su maki. Shekara tara ana haka daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, JHS.

Madam Sa'adatu: Ku bar ni in sa baki, don ni a ƙananan azuzuwa nake, inda abin ke farawa. Ku dubi yaron zango ɗan shekara shida. A gida Hausa, wani ma da Mosanci ko Dagbanci ko Kotokoli a kai. A aji, harshen gida da ake koyarwa a nan Kumasi Twi ne, saboda Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su. Akwai Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Ewe, Ga, Dangme, Nzema, Dagbani, Dagaare, Gonja, Kasem. Littafin karatu da Turanci. Da yamma ko ƙarshen mako Larabci.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, yawan harsuna ba cuta ba ne. Yaranmu na juya harshe uku a kasuwar Kejetia ba gargada. Ciwon shi ne babu harshe ɗaya da yaron ya koyi karanta shi yana gane abin da yake karantawa. Larabci yana furtawa bai san ma'ana ba. Turanci yana furtawa bai san ma'ana ba. Hausar da ya sani ciki da bai, bai taɓa ganin ta a littafi ba. Sai ya tashi da tunanin cewa karatu shi ne fitar da sauti. Ina da yara a aji huɗu da za su karanta maka sakin layi tiryan-tiryan, ka rufe littafin ka ce wa aka yi magana a kansa, su yi tsuru-tsuru. Wannan yaron ne zai je gaban Ticha Mumuni bayan shekara takwas.

Baba Danladi: 'Yata, ai maganata kika ƙarfafa. A bar yare gaba ɗaya, a yi Turanci zalla tun daga KG, a huta.

Madam Sa'adatu: Baba, an gwada. A 2002, zamanin Kufuor, gwamnati ta ce Turanci kaɗai tun daga aji ɗaya. Ba a yi nisa ba aka dawo da harshen gida a ƙananan azuzuwa a 2007, daga baya aka kawo shirin NALAP na koyar da karatu da harshen gida. A 2025 ma Ministan Ilimi Haruna Iddrisu ya sake jaddada koyarwa da harshen uwa a matakin farko. Tambayata kullum ita ce, harshen uwar wa? A ajina fiye da rabi Hausa suke ji a gida. Ni dai in na ga sun ɓace, da Hausa nake jawo su, kuma ina ganin fuskokinsu na buɗewa.

Game da zamaninku kuma, Baba, da girmamawa: yara nawa ne daga zango suka je midil a lokacin? Ku 'yan tsiraru ne da iyayenku suka yarda. Yau kusan kowane gida na da ɗan sakandare.

Baba Danladi: Wannan kam haka ne. A layinmu ana iya ƙirga mu da yatsu. Amma ban janye maganar buroka ba.

Ticha Mumuni: Kada ka janye duka, Baba. Tana fitowa a insha'i, musamman wajen lokutan aiki: yaro ya fara labari da shuɗaɗɗen lokaci, layi uku ya koma na yanzu. Akwai kuma rikita he da she, wanda ba laifin buroka kaɗai ba ne. Twi ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, Hausarmu ta nan ma ta sassauta wannan bambancin, ba kamar ta Kano ba. Yaro zai rubuta labarin mahaifiyarsa yana ce mata he daga farko har ƙarshe, kowane ɗaya rabin maki. Amma na ga yara masu zuba buroka a fili da ke cin B2, don sun san wane harshe ake shiga da shi wane ɗaki. Masu karatu ne. Bulala ba ta koya wa kowa wannan.

Zulai: Salamu alaikum iyayena. Ni ina cikin masu sake rubutawa a Nov/Dec. Ticha don Allah, a insha'i wanne ya fi sauƙi? A wurin darasinmu an ba mu wasu da aka riga aka rubuta, an ce mu haddace, ɗaya zai fito.

Ticha Mumuni: Zulai, ki ajiye su. Mai dubawa na gane haddadden insha'i tun layin farko, don zai ga irinsa sak a takardu da yawa daga cibiya ɗaya. In kuma abin da kika zuba bai dace da tambayar ba, makin batu da na tsari sun tafi, komai daɗin Turancin.

Tambayoyi biyar ake bayarwa ki zaɓi ɗaya. Galibi akwai wasiƙa ta hukuma ko ta zumunci, maƙala don jarida, jawabi ko muhawara, da labari. Yara na rububin labari suna ganin shi ne mai sauƙi, alhali shi ya fi tona asirin mai raunin nahawu. Ga wadda ke neman C6 zuwa B3, ni wasiƙar hukuma ko maƙala nake ba da shawara, saboda suna da ƙa'ida sananniya. Adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kan magana, rufewa da Yours faithfully, sa hannu, cikakken suna. Kin samu wani abu a tsari tun ba ki fara zuba hujja ba. In an ce kawo dalilai uku, ki kawo uku, kowanne da sakin layinsa, ki buɗe shi da misali daga abin da kika sani. An ce ki rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan tsabta? Ki rubuta kwatar Aboabo da kike tsallakewa kullum da yadda take cika in an yi ruwa. Ya fi ki ƙirƙiro wani gari da ba ki taɓa gani ba.

Kuma ki guji manyan kalmomi. Yaranmu na ɗauka maki 20 na sarrafa harshe na mai jibga kalmomin ƙamus ne. Gajeriyar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai karyayyar ƙafa. Ki bar minti biyar na ƙarshe ki bi rubutunki kina farautar kuskure.

Zulai: Na gode Ticha. Sai tambayar nan ta auna fahimta, inda ake ja layi a ce faɗi sunan nahawunsa da aikinsa. Kullum a nan nake faɗuwa.

Ticha Mumuni: Wannan kyauta ce, don kusan kowace shekara tana zuwa, kuma nau'o'in ba su da yawa. Ki fara duba ko akwai aikatau mai nuna lokaci a cikin abin da aka ja wa layi. In akwai, clause ne, in babu, phrase ne. Sannan ki tambayi kanki: yana tsaye a gurbin suna ne, ko yana siffanta wani suna, ko yana ƙarin bayani kan aikatau? Wajen faɗin aikinsa dole ki ambaci ainihin kalmar da yake wa aiki. Ki ɗauki tsofaffin tambayoyi na shekara goma ki yi wannan kaɗai, sati biyu ya ishe ki. Haka tambayar maye gurbin kalma: ki saka taki a cikin jimlar ki karanta, in asalin jam'i ce taki ma ta zama jam'i.

Hajiya Rabi: Duk na ji. Amma ni da ban yi boko ba, me zan yi wa nawa? Kuɗin darasi na biya, littafin pasko, na tsofaffin tambayoyin jarrabawa, na saya. Sauran me?

Ticha Mumuni: Hajiya, ke ce ma za ki fi ni amfani a wannan. Ki sa ya ɗauko jaridar Daily Graphic ko da tsohuwa ce, ƙananan kuma Junior Graphic. Ya karanta labari ɗaya, ya kife jaridar, ya faɗa miki da Hausa abin da aka ce. In ya fara kame-kame ki ce ban gane ba, sake. In ya yi tsawo ki ce taƙaice mini, ina da ciniki. Da ya iya faɗa miki cikin magana biyu ko uku har kika gane, sai ya rubuta wannan da Turanci ba tare da ya buɗe jaridar ba. Taƙaitawa ke nan, babu wani sirri bayan wannan. Ba zai iya kwafe miki ba, tunda ba da Hausa aka rubuta ba. Dole ya fahimta kafin ya buɗe baki.

Malam Yahaya: Ticha, ai karatun zaure ka kwatanta.

Ticha Mumuni: Ban musa ba, Malam.

Hajiya Rabi: In dai wannan ne zan iya. Dama surutu ne da shi kamar me.

Abdul Razak: Kuna ta ɗora wa iyaye da yara, ba wanda ya taɓo gwamnati. Tun da aka kawo Free SHS, wato babbar sakandare kyauta, a 2017, aka biyo da tsarin shiga bi da bi a 2018, azuzuwa suka cika maƙil. Ticha, tsakani da Allah, insha'i nawa kake ba ɗalibanka a zango ɗaya?

Ticha Mumuni: Bai kai yadda ya kamata ba. In kana da aji huɗu ko biyar, kowanne ya haura hamsin, insha'i ɗaya ya zama takardu sama da ɗari biyu, kowace sai ka bi ta da jan biro. Malamin lissafi na iya cewa ku musanya littafi ku duba wa juna. Ni ba ni da wannan damar. Shi ya sa da yawanmu ke fakewa da tambayoyin zaɓi, ga saurin dubawa. Yaro sai ya shiga ɗakin jarrabawa bai rubuta cikakken insha'in da aka gyara masa aka dawo masa da shi ba sai 'yan kaɗan.

Nasiru: Amma Yaya Razak, alƙaluman ba su goyi bayanka ba. A 2018 waɗanda suka samu A1 zuwa C6 a Turanci ba su kai rabi ba. A 2023 sun haura kashi 70 cikin 100. Kuma ba don Free SHS ba, da yawan ƙannenmu suna Alabar suna dako.

Abdul Razak: Alƙaluma! Ka cire apo, wato tambayoyin da ake sacewa kafin jarrabawa, da taimakon cikin ɗaki ka gani. Me ya sa duk shekara WAEC ke riƙe sakamako tana soke wasu? Kai da ke jami'a, ka ga rubutun 'yan shekarar farko ai.

Alhaji Garba: Razak, Nasiru, ku dakata. Mun yi alkawari ba siyasar jam'iyya a nan, ba NPP ba NDC. Ko kashi 70 ne, saura 30 ɗin 'ya'yan wasu ne, kuma na ga rabonmu a ciki ya yi yawa. Abin da za mu iya da hannunmu nake so mu tattauna.

Madam Sa'adatu: To Alhaji, a fara da littattafai. Gidajenmu da yawa in ka cire Alƙur'ani da littattafan addini da na makaranta, babu abin karantawa ko ɗaya. Ga laburaren Ashanti nan a Cultural Centre, kuɗin trotro ɗaya ne daga Asawase, amma ku tambayi yaranku ko sun san ƙofarsa. Kuma kada a jira sai SHS 3. Wanda ke JHS 1 yanzu shi ya fi buƙata.

Alhaji Garba: Ina da ɗaki a bayan shagona da ba a komai da shi, zai ɗauki benci shida. Ticha, in an tara yara ranar Asabar da safe za ka zo?

Malam Yahaya: Asabar da safe suna wurina, Alhaji. Kada a gyara wani a ɓata wani. Bayan la'asar dai.

Hajiya Rabi: Bayan la'asar kuma 'yan mata na taya iyayensu haɗa kayan waakye na gobe. In aka sa lokacin nan maza kaɗai za ku gani.

Ticha Mumuni: A sa tsakanin azahar da la'asar, awa ɗaya da rabi ya isa. Amma da sharaɗi: ba zan karɓi fiye da yara 20 ba, don duk abin da aka rubuta sai an gyara an mayar wa mai shi a makon. In an fi haka mun koma gidan jiya. Nasiru, ka nemo mana abokanka biyu daga KNUST, in nuna musu yadda ake duba taƙaitawa, sai a ƙara wasu 20 ɗin.

Nasiru: Zan yi magana da su yau, in sha Allah. Sai dai lokacin jarrabawarmu za a yi mana uzuri.

Baba Danladi: Ina da tarin tsofaffin Graphic a ƙarƙashin gado, jikokina na ta so su kai wa mai ƙosai. A turo yaro ya ɗauka. Amma a ɗakin nan ban yarda a yi buroka ba.

Madam Sa'adatu: Hausa fa, Baba?

Baba Danladi: Wannan ku da Ticha. Alhaji, wa zai biya kuɗin hoton takardu?

Alhaji Garba: Watan farko ni. Masu son sa 'ya'yansu su turo mini suna da aji kafin Alhamis, 'yan Nov/Dec a gaba.